Tsinken Gwaji da Kwanon Tuwo

Shekara biyu da suka wuce, bayan ƙaramar Sallah, ƙishirwa da yawan fitsarin dare suka kai ni asibiti a nan Kumasi. Aka ɗibi jinina da safe kafin in karya, sukari ya nuna 9.8. Likita ya ce duk wanda gwajinsa na safe ya kai 7.0 har sau biyu, to ciwon sukari ne. Ni ba lambar ce ta tsorata ni ba. Yayana na tuna, wanda ɗan gyambo a yatsa ya ja aka yanke masa ƙafa, ya bar fatauci ya koma zaman ƙofar gida.

Likita ya ɗora ni a kan magani, ni kuma na nemi izininsa in rage sitaci sosai. Ya yarda, da sharaɗin in riƙa komawa yana duba ni. To fa, ga aiki! Mutumin da ya tashi da koko da ƙosai, rana wake da shinkafa, dare tuwo ko sakwara, an ce kada ya wuce giram 50 na sitaci da sukari a wuni. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa ya kusa cinye kason duka.

Hikimar abin ita ce, idan sitaci ya yi ƙaranci, jiki yakan cinye ajiyar sukarin da ke hanta cikin 'yan kwanaki, sai hanta ta koma sarrafa kitse, tana fitar da wani makamashi da ake kira kiton. Ganin kiton a jiki alama ce ta an fara ƙona kitse. Na sayi kwalbar tsinken gwaji a kemis. Kana tsoma tsinken a fitsari, ka jira 'yan daƙiƙu, ka gwada launinsa da na jikin kwalba. In ya yi duhu kamar ruwan zoɓo, kiton na fita da yawa.

Makon farko na sha wuya, ga ciwon kai, ga kasala, ga saurin fushi. Amma kwana na huɗu tsinke ya canza launi, na yi murna kamar wanda motar kayansa ta iso lafiya. Da yake ɗan kasuwa ba ya rabuwa da lissafi, sai na ware shafi a bayan littafin bashi ina rubuta launin kowace safiya. Hajiya kuma ta ɗauki abin da muhimmanci. Ta koma yi mini miyar kuɓewa da kifi, kwaɗon zogale, ganyen gwaza da ƙwai, wani lokaci tsire da kabeji da piya.

A mako na shida sai launi ya fara dusashewa. Ban ci tuwo ba, ban taɓa burodi ba, amma tsinke kullum fari-fari. Raina ya ɓaci. Na ce ashe wahalar banza nake yi. Ranar wata Juma'a na zauna gaban mai wake da shinkafa, na ci kwano biyu har da taliya da gari a kai. Washegari sukari ya haura, ni kuma kunya ta hana ni buɗe littafin.

'Yata da ke karatun jinya ce ta warware mini. Ta ce, "Baba, tsinken nan abin da jiki ya zubar yake nunawa, ba abin da yake amfani da shi ba. Da farko jiki bai saba da kiton ba, yana zubar da shi da yawa. In ya saba, sai zubarwar ta ragu. Ko yawan shan ruwa ma yana sa launin ya dusashe." Ta ƙara da cewa in kwalbar ta daɗe a buɗe, danshin Kumasi yana lalata tsinken. Wato ni ina auna cinikin shago da sharar da aka share daga cikinsa.

Daga nan na sayi na'urar da ke gwada kiton a jini, ɗigo ɗaya daga yatsa. Ga mai irin wannan cima, daga 0.5 zuwa 3.0 ake nema. Bayan mako guda da komawa kan tsari, nawa ya nuna 0.9. Tsinkenta na da tsada, don haka sau biyu a mako nake yi, lokaci guda, da safe kafin karyawa. Kuma na daina tseren lamba. Mai 2.5 bai fi mai 0.8 lafiya ba.

A nan dole in ja kunne. Ga mai ciwon sukari, kiton ba kullum ne abin murna ba. In sukari ya hau sosai, kiton ma ya hau, ga amai, ciwon ciki ko numfashi sama-sama, wannan maganar asibiti ce nan take, don tana iya kisa. Mai allurar insulin, da mai shan maganin da ke fitar da sukari ta fitsari, da mai ciwon ƙoda, da mace mai ciki, kada su fara wannan tsari sai da likita. Wasu magungunan ma in ka rage sitaci ba a rage su ba, sukari na iya faɗuwa har mutum ya suma.

Abin da ya fi gwaji wuya shi ne mutane. A zango, ƙin cin tuwon mai gida kamar raini ne. Na koyi faɗar gaskiya: "Alhaji, ka yi haƙuri, ciwon sukari gare ni, a ba ni miya da nama." Ban taɓa ganin wanda ya ji haushi ba. Wasu ma sukan ja ni gefe su ce su ma suna da shi, kunya ce ta hana su faɗa. In zan hau mota zuwa Bawku kuwa, ta Techiman da Tamale, ina tafiya da guzurina, dafaffen ƙwai, soyayyar gyaɗa da busasshen kifi, don kada ƙamshin soyayyar doya a Kintampo ya same ni da yunwa.

Yanzu shafin nan na bayan littafi ya ƙaru da layuka. Ban da kiton, ina rubuta sukarin safe, da faɗin ƙugu sau ɗaya a wata, da sau nawa na tashi fitsari da dare. Ranar da lamba ɗaya ta ɓata mini rai, sauran sukan rarrashe ni. In na zame a wurin suna ko biki, ina rubutawa kamar yadda nake rubuta asarar buhun albasa da ya ruɓe, washegari in buɗe shago. Gwajin wata uku na ƙarshe ya faranta wa likita rai, ya ce in ci gaba a haka.

Da na je gida bara, yayana ya dube ni ya ce na rame. Na ce masa ramar da na nema ce. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ka riƙe ƙafarka da kyau, ƙanena." Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, mu kuma Ya ba mu haƙurin kula da amanar jikinmu.