Na Yi Wa Jirgi Ado, Na Bar Ƙusa Ta Ruɓe

A Mai Wurno, idan damina ta ɗauke, ruwan Bahar Azrak ya fara washewa, da yawanmu masunta ba ma kwanan gida. Mutum ya haura kudu wajen Sinja ya yi makonni. A cikin jirgi yake dafa shayi, nan yake ajiye garin dawa da busasshiyar kuɓewa, nan kuma yake kwana kusa da ragarsa don kada a kwashe masa kifi kafin asuba.

Nawa jirgin gadon mahaifina ne, na icen gabaruwa, irin ƙirar da kakanninmu suka tarar a Sudan lokacin da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903. Ba a yi masa haƙarƙari a ciki. Gajerun katakai ne masu kauri, an haɗa bakinsu da dogayen ƙusoshi da ake kafawa a karkace, sannan a cusa tsumma a tsakani. Ƙarfinsa duka a ƙusa da tsumma yake. Kowace shekara Baba kan fito da shi tudu, ya bi ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da guduma yana sauraro, ya zare tsohon tsumma ya cusa sabo, ya shafe da kwalta, ya yi sauri ya mayar da shi ruwa kafin rana ta sa katakon ya tsuke. Ina yaro ina kallo, a raina ina cewa wahalar wanda ba shi da kuɗin sabon jirgi ce.

Wata shekara Allah ya buɗa mini. Na shanya kajaik, wato busasshen kifi, mai yawa, fatake masu kai shi gonakin Dali da Mazmum, inda leburori ke miya da shi, suka saye tas. Na shiga kasuwar Sinnar da kuɗi a aljihu. Na sayi tsohon inji na ɗaurawa a baya. Na sa aka yi mini rumfar bututun ƙarfe da tamfol. Na sayi farantin sola da batir da fitila. Na sa kafinta ya daɓe cikin jirgin da katako, na shimfiɗa leda mai zane a kai, na shafe waje da shuɗin fenti. Wasu daga cikin kayan nan ina da bukatarsu, ba zan yi ƙarya ba. Duk wanda ya taɓa kwance raga a duhu ya san darajar fitila. Amma abin da ya fi tura ni shi ne samarin da ke wuce ni da jiragen ƙarfe, injinsu na ruri, ni ina fama da filafili. A duk cefanen nan ban sayi ƙusa ko guda ba.

Baffana, ƙanen Baba, ya zo bakin ruwa ya tsaya yana kallo. Ya ce, "Ɗana, kafin ka ɗaura masa wannan, ka bi ƙusoshin kuwa?" Na ce, "Baffa, ai zamanin ƙwanƙwasa ya wuce, ku dai ku sa mana albarka." Ya ce Allah ya tsare, ya juya. Har yau maganar nan tana cina, domin a gaban mutane na faɗe ta.

Jirgin da aka ƙera don filafili da gora bai san jijjigar inji ba. Duk sanda na tayar da shi, ƙusoshin da tsatsa ta riga ta ci suna motsi a raminsu, tsumma yana saki. Ga rumfar ƙarfe ta ƙara nauyi a sama, in iska ta taso sai ya riƙa tangaɗi. Sannan ga halin ruwanmu. Muna bayan madatsar Sinnar da aka gama a 1925, wadda ke tura ruwa manyan magudanan Jazira da Manakil. Da rani tafki yana ja baya, sai ka wayi gari cikin jirginka ya zauna a kan laka, nauyin duk abin da ka lafta masa yana danne katakon ƙasa. Mafi muni shi ne daɓen. Dā kowace safiya nakan kwashe ruwan da ya tsattsafo da gwangwani, yawansa kuma shi ke gaya mini lafiyar jirgi. Da na rufe shi da leda, sai na daina gani, na ɗauka ya daina yoyo.

A wata tafiyar kamun kifi, ɗan yayata ne ke bina, yaro ne da bai iya iyo sosai ba. Cikin dare na ji yana girgiza ni: "Kawu, tabarma ta jiƙe." Na kai hannu na kunna fitila, babu wuta, ruwa ya shanye batir. Na miƙe, ruwa ya kawo mini idon sawu a saman ledar. Allah ya sa a daren kusa da gaɓa muka ɗaure. Na kama gora na tura mu cikin duhu, shi yana kwasa da tukunyar girki.

Da gari ya waye na ɓamɓare daɓen. Wari ya fara bugo ni. Katakon wajen injin ya yi baƙi, na danna wuƙa ta nutse ba tare da na sa ƙarfi ba. Na kama kan wata ƙusa da yatsu biyu, ta biyo hannuna, tsakiyarta ta sirance kamar allura. Na zauna a kan lakar nan ina riƙe da ita, yaron yana can yana shanya tabarma, bai ma san abin da ya auku ba. Uwarsa ta miƙo mini shi ne don ta yarda da ni, ni kuma na shimfiɗa masa wurin kwana a kan ruɓaɓɓen ice, ina ta murna mutane na yaba fentina. Ba jahilci ba ne. Na san aikin, a gabana aka yi ta yinsa, an kuma tuna mini. Raina shi na yi, saboda aiki ne da ba wanda zai gani ya ce madalla.

Na je wurin Baffa na durƙusa. Bai tayar da zancen ba, guduma kawai ya miƙo mini ya ce mu je. Samun katakon ya ba mu wuya, domin kurmin gabaruwa na bakin kogi yawanci na hukumar daji ne, ba a sara sai da izini. Muka canza katakan da suka mutu, muka kafa sababbin ƙusoshi, muka ƙara katako mai kauri inda injin ke zama. Rumfar ƙarfe na sauke ta, na yi ta gora da tabarma. Daɓen ya koma guntaye da ake ɗagawa kowace safiya. Batir na ɗaga shi sama. Solar na bar ta, don ita ba ta cuce ni da komai ba. Injin kuwa, bayan yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 mai ya yi wuya, ya daɗe a jingine a ɗaki, filafili ne ya ci gaba da ciyar da gidana.

Kogin ma ba yadda dattawa suka san shi yake ba. Bayan madatsar Rusairis ta 1966, ga ta Habasha da aka fara cikawa a 2020, hawa da saukar ruwa sun sauya, jirgi zai iya zama kan laka a lokacin da ba ka zata ba. 'Yan'uwana da ke komawa ruwa yanzu, ko na ice gare ku ko na ƙarfe, don walda ma tsatsa na cinta: ku fito da shi tudu ku bi gindinsa taku-taku kafin ku kashe ko fam ɗaya a sama, musamman idan akwai ɗan wani da zai kwana a ciki.