Yaƙin Duniya na Farko da Mutumin da Ya Ɗauki Kaya

Idan aka ambaci Yaƙin Duniya na Farko, wato na 1914 zuwa 1918, hankalin ɗalibi yakan tafi Faransa, inda sojoji suka shekara huɗu cikin ramuka suna luguden wuta. Ba a harba harsashi ko ɗaya na wannan yaƙi a ƙasar Ƙaraye da Rogo ba, amma duk da haka nauyinsa ya iso har ƙofar gidan manomi.

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903. Shekara goma sha ɗaya kacal bayan haka, sai ga 'ya'yan waɗanda aka ci da yaƙi cikin kaki, suna yi wa Ingila yaƙi da Jamus a Kamaru. Harin farko da suka kai Garwa a watan Agusta 1914 bai yi nasara ba, garin bai faɗi ba sai Yuni 1915. A dutsen Mora kuwa Jamusawa da sojojinsu baƙaƙe suka yi ramuka da shingen duwatsu, aka tsare su kusan shekara ɗaya da rabi, ba su miƙa wuya ba sai Fabrairu 1916. Daga nan aka kwashi sojan Nijeriya a jirgin ruwa zuwa Gabashin Afirka, inda suka yi asarar rayuka mai yawa a Mahiwa cikin Oktoba 1917.

To, amma soja ba ya tafiya sai da tuwo da harsashi, kuma a dazuzzukan nan babu hanyar mota, ƙudan tsando ya hana dabba rayuwa. Saboda haka kan ɗan Adam aka ɗora kayan. Neman 'yan alaro yakan taso daga Razdan zuwa Sarki, daga Sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, har ya tsaya a kan talakan da ba shi da wanda zai miƙa wa. Soja yana da lamba da bindiga, wani lokaci har da lambar yabo. Ɗan alaro kuwa gammo kaɗai ya mallaka, kuma zazzaɓi da atuni sun fi harsashi kashe shi.

Wanda aka bari a gida ma bai huta ba. Yaƙin ya tarar da ƙasar Kano tana farfaɗowa daga yunwar 1914, wadda ake kira Kakalaba. Duk saurayin da aka ɗauke, fartanya ɗaya ce ta ragu a gandu, alhali haraji bai ragu ba. Ƙarancin jiragen ruwa ya sa yadi da sauran kayan kanti suka yi tsada. Baitulmalin sarakunan Arewa kuma ya ba da gudummawar yaƙi, daga kuɗin da wannan manomi ya biya. Yaƙi na ƙarewa, sai annobar mura ta 1918 ta biyo hanyar jirgin ƙasa, ta shiga ƙauyuka.

Bahaushe ya ce, idan giwaye suna faɗa, ciyawa ce ke shan wahala. Littattafan Turawa sun adana sunayen hafsoshi da ranakun gumurzu. Labarin ɗan alaro da matar da ta jira shi kuwa yana bakin jikokinsu a garuruwa irin su Rogo Sabon Gari. Haƙƙi ne a kan ɗaliban wannan sashe su je su tambayo, su rubuta, tun kafin ƙasa ta rufe masu ba da labarin.