Madarar da Muka Sha da Ɗuminta a Kontagora

A Kontagorar da muka tashi, zamanin Sarkin Sudan Sa'idu Namaska, nono ba kayan marmari ba ne, abincin yau da kullum ne. Hantsi na yi za ka ga matan Fulani suna shigowa gari jere da juna ta hanyar Rijau da ta Yawuri da ta Tegina, kowacce da ƙwarya a ka, an rufe da faifai, ludayi a soke a gefe. Kowane gida da mai kawo musu. Ita ta san yawan yaran gidan, ta san ranar da maigida ba shi da kuɗi, ta zuba ta tafi, sai an samu a biya. Da damina nono ya wadata har a yi ta neman mai saye. Da rani kuwa, in shanu sun tafi mashekari, sai ya yi wuya, a riƙa tsinka shi da ruwa ana ƙara garin kuka don ya yi kauri.

Tun muna ƙanana muka san bambancinsu. Akwai madara, wadda aka tatso yanzu. Akwai kindirmo, mai kauri, wanda ba a cire masa mai ba. Akwai tsala, wanda aka kaɗa aka kwashe man shanu, shi ne na damun furar talaka. A cikinsu duka madara ce mai daraja, musamman wadda ba ta huce ba. Ita ake nema wa wanda ya tashi daga jinya, da mai jego, da yaron da aka ga ya rame.

Mahaifina yana da 'yan shanu da ya ba da kiwo a wata ruga, yakan ɗauke ni a bayan keke mu je da sassafe. Ana idar da sallar asuba ake fara tatsa. Babban ɗan gidan ya kwance maraƙi daga dangwali, ya bar shi ya ɗan tsotsa har nono ya sauko, sannan a janye shi. Ya tsuguna, ya matse ƙwarya tsakanin gwiwoyinsa, ya kama hantsa da hannu biyu. Kafin ka ankara kumfa ya taso har baki. In ƙuda ya faɗa, ko gashi, da yatsa ake tsame shi. Kaji da zabi suna ta tono a ƙarƙashin shanun, belbela na bin sawunsu, kwarkwaron da kaji ke sha a ciki nan maruƙa ke sa baki. Sai uwar gidan ta karɓi ƙwaryar, domin nono haƙƙin mata ne, ta ɗibo mini a ƙoƙo ta ce, "Shanye, ɗana, ka yi ƙarfi." In kafa kai, da ɗuminta da ƙamshin saniya. Har yau ban sha abin da ya kai ta daɗi ba.

A gida kuwa dokar Inna daban ce. Duk madarar da muka zo da ita sai ta hau murhu. Ta tace da farin ƙyalle, ta zuba a tukunya, ta tsaya a kai tana juyawa har ta taso, sannan ta sauke ta bar ta ta huce, ta ɗiga ɗan tsohon nono, ta rufe ta kai ɗaka. Gari na wayewa kindirmo ya kama. Baba yakan ce, "Kin kashe mata ƙarfi da wutar nan." Ita kuma ta ce, "Malam, wadda ba ta ga wuta ba ba ta kwana lafiya." Inna ba ta yi boko ba, ba ta taɓa jin sunan wata ƙwayar cuta ba. Lalacewar madara take gudu, amma ashe abin da take tsare mu daga gare shi ya fi haka girma.

Murar tsuntsaye ta shigo kunnuwanmu ne a watan Fabrairun 2006, lokacin da aka tabbatar da nau'in H5N1 a gonar Sambawa da ke Jaji a Jihar Kaduna. Shi ne karo na farko da aka tabbatar da wannan nau'i a kajin Afirka. Na riga na zama magidanci a lokacin, ina tuna yadda muke kewaye rediyo da yamma muna jin ana ambatar cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, da ramukan da ake binne dubban kaji, da diyyar Naira 250 da gwamnatin Obasanjo ta sa a kan kowace kaza. Mai shayi ya rasa masu cin ƙwai, kaza ta faɗi warwas a kasuwa, wasu kuma suka ce ai ga banza ta samu, suka yi ta yankawa. A farkon 2007 aka tabbatar cutar ta kashe wata matashiya a Legas. Ta lafa, ta sake dawowa a 2015 ta Kano da Legas. A duk tsawon wannan lokaci tsoronmu a kan akurki ya tsaya. Babu wanda ya kalli ƙwaryar nono da zargi, domin kowa ya ɗauka cutar mai fiffike ce, ba ruwan saniya.

Wannan zato ya rushe a ranar 25 ga Maris, 2024, lokacin da hukumar aikin gona ta Amurka ta sanar da samun H5N1 a shanun tatsa a jihohin Texas da Kansas. Masu gonaki sun lura shanu sun rage cin abinci, nono ya ja baya, wanda ake samu kuma ya yi kauri ya koma rawaya kamar dakashi. Da aka bincika sai aka ga ƙwayar cutar a hantsa ta fi taruwa, madara ce ke ɗauke da ita da yawa, injinan tatsa kuma suna kai ta daga wannan saniya zuwa waccan. A wata gona a Texas fiye da rabin kyanwoyin da ake ba ɗanyar madara suka mutu. Wani ma'aikacin gona ya kamu, idanunsa suka yi jawur. Kafin shekara ta zagayo cutar ta shiga ɗaruruwan garke, har Jihar Kalifoniya ta kafa dokar ta-ɓaci a Disambar 2024. Abin kwantar da hankali ɗaya ne: an samu ɓurɓushin ƙwayar cutar a kusan ɗaya cikin biyar na madarar kanti da aka gwada, amma ba mai rai ba, domin an riga an ratsa madarar da zafi.

A Amurka wannan ya faru, ba a rugagenmu ba. Sai dai in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ƙasar da murar tsuntsaye ke kai-komo cikinta tun 2006, inda kaza da saniya ke kwana wuri ɗaya, ba ta da dalilin yin sake.

Kuma ko ba murar tsuntsaye, ɗanyar madara tana da tsofaffin baƙi waɗanda suka daɗe tare da mu. Makiyaya sun san bakkale: saniya ta yi ta ɓari, gwiwa ta kumbura ta tara ruwa. Cutar tana bin madara ta shiga mutum. Likitan sojan Birtaniya David Bruce ne ya gano ƙwayarta a tsibirin Malta a 1887, a 1905 kuma wani likitan tsibirin, Themistocles Zammit, ya gano cewa madarar awaki ce ke yaɗa ta. A jikin mutum zazzaɓi ne mai tafiya ya dawo, da gumin dare, da ciwon gaɓoɓi da baya, wata da watanni. A wurinmu mai irin wannan ciwo kantin magani yake zuwa, a ce masa maleriya ce da taifot, ya sha ya ji dama-dama, bayan mako biyu ya sake kwanciya. Akwai kuma tarin fuka na shanu, wanda kan fito wa yara da kumburi a wuya. Tsamin nono yana rage wasu ƙwayoyin, amma ba a dogara da shi ya kashe waɗannan biyun.

Na san amsar da ake bayarwa: "Kakanninmu sun sha, me ya same su?" Na tashi da mutanen nan, na ga ƙarfinsu. Amma na kuma ga yawan ƙananan kaburbura, na ji ana cewa wane ya daɗe yana fama da zazzaɓi har rai ya yi halinsa, ba wanda ya tambayi daga ina. Waɗanda suka rayu su muke gani muna kafa hujja da su. Allah ne mai tsarewa, shi ne kuma ya hore mana wuta da tukunya.

Hanyar da masana'antu ke bi wajen ratsa madara da zafi sunan Louis Pasteur na Faransa take ɗauke da shi: a kai madara zafin digiri 72 na daƙiƙa 15, ko digiri 63 na minti 30. A gida ba a bukatar ma'auni. A bari ta tafasa ta taso, a sauke, a zuba a wankakken mazubi. Ɗan abin da wuta ke ragewa na amfaninta bai kai a yi cacar lafiyar yaro ko mai juna biyu a kansa ba. Saniyar da ta yi ɓari, ko nononta ya sauya kala, a ware ta a kira malamin dabbobi. Kazar da ta mutu haka kawai a binne ta, kada a jefar inda shanu ke kiwo.

Ba na son wannan magana ta zama sanda a kan matan Fulani. Sun ciyar da garin nan shekara da shekaru, kuma rashin tsaron da ya addabi yankin Mariga da kewaye ya riga ya tarwatsa rugage da yawa. A zamanin Gwamna Abubakar Sani Bello an farfaɗo da maganar gandun kiwo na Bobi, aka gayyato kamfanonin madara. Ko ina aka kwana da wannan shiri, yawancin nonon da ake sha a Kontagora daga ƙwaryar mace yake fitowa, don haka wurinta ya kamata taimako ya fara isa: ruwa mai tsabta na wanke hantsa da ƙwarya, gwajin shanu, da makamashin dafa madara mai sauƙin kuɗi. Mu masu saye kuma mu koyi tambaya, "Goggo, an dafa?" In ta ce an dafa, mu ƙara mata wani abu a kan kuɗin, domin itacen da ta ƙona lafiyar 'ya'yanmu ta saya da shi.