Macijin Kusugu ya koma cikin waya

Albishirinku! Duniya ta ci gaba, kuma an ce har da mu aka yi tafiyar. Duk mai bibiyar labaran fasaha ya san haka. Yau a ce an ƙera mota mai tuƙa kanta a Amurka, gobe a ce ƙirƙirarriyar basira tana rubuta wasiƙa tana warware lissafi, jibi a ce a China an yi mutum-mutumi mai taka rawa. Mu ma a Daura muna son ganin rawar nan da idonmu. Bidiyon bai wuce daƙiƙa 40 ba, amma zoben nan na tsakiyar allon waya sai ya yi ta juyawa tun azahar har a kira la'asar. Ƙarshenta rawar zoben kawai muke gani, mu kuma biya kuɗin kallo.

Ba sai na ba ɗan Daura labarin rijiyar Kusugu ba. Tun muna firamare aka faɗa mana cewa wani maciji mai suna Sarki ya tare rijiyar, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe shi. Ni dai a nawa binciken, macijin nan ya bar jikoki, kuma sun tare a cikin wayoyinmu. Kakansu ma ya fi su adalci, domin shi ya ware rana guda da kowa ya sani. Jikokin kuwa sai ƙarfe biyun dare suke barin mutum ya zura guga, lokacin da ɗalibin kirki ke barci.

Tun 2022 aka ƙaddamar da 5G a Najeriya, a manyan birane irin su Legas da Abuja da Kano. An yi ta jawabai cewa za a riƙa sauke fim guda kafin a ƙifta ido. Madalla. Amma ka hau mota daga Daura ka nufi ƙauyukan Sandamu ko Baure ka sa ido a saman wayarka. 4G za ta koma H, H ta koma E. Wannan E ɗin tana burge ni, domin da Hausa take magana. Ka tambaye ta, "Akwai sabis?" Ta ce, "E." "Zan iya aika saƙo?" Ta ce, "E." Ka aika, ya tsaya cak. Ba ta taɓa cewa a'a ba, ba ta kuma taɓa cika alkawari ba. Wani kawuna da ke zaune kusa da Kongolam, bakin iyakar Nijar, nasa ci gaban ya fi na kowa. Yana kishingiɗe a kan tabarmarsa sai saƙo ya shigo da Faransanci ana yi masa barka da zuwa ƙasar waje. Ba fasfo, ba kuɗin mota. Sai ya buga waya ya duba abin da ya rage a katinsa, sannan ya san lallai ya yi tafiya.

Tunda malaman Hausa sun koya mana amfanin ƙamus, bari in taimaka muku da wanda na haɗa na harshen kamfanoni. Ba ya fitowa a WAEC ko NECO, amma kullum rayuwa tana yi mana jarrabawa a kansa.

"Ya kai abokin cinikinmu mai daraja." Ma'ana: riƙe aljihunka, ga mu nan tafe.

"Garaɓasa! An ba ka kyautar data." Ma'ana: ka yi amfani da ita tsakanin sha biyun dare da asuba, a manhaja guda ɗaya, kafin jibi.

"Data marar iyaka." Ma'ana: tana da iyaka, an rubuta a ƙasa da rubutun da ko mai gyaran agogo sai ya sa tabarau.

"Kiranka na da muhimmanci a gare mu." Ma'ana: ga kiɗa nan, ka saurara har cajinka ya ƙare.

"Ka sake gwadawa an jima." Ma'ana: mu ma addu'a muke yi.

"Muna ba ku haƙuri." Wannan ita ce babbar hajar da suke da ita. Haƙuri ne kaɗai abin da kamfani ke bayarwa kyauta, babu ranar lalacewa, babu ƙa'idoji da sharuɗɗa.

Akwai kuma kalmar "daidaitawa". A ranar 20 ga Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta amince kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100. Su kashi 100 suka nema, saboda haka sai mu yi godiya an raba mana marin biyu. A sanarwa ba a cika kiran abin ƙari ba, daidaita farashi ake cewa. Tes ɗin Naira 4 ya daidaita ya koma Naira 6. A watan Fabrairu kuma MTN ya mayar da wani tsarinsa na data mai 15GB daga Naira 2,000 zuwa Naira 6,000. Ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare ma ya san wannan ninki uku ne. Jama'a suka yi ca a shafukan sada zumunta, sai ga kamfanin ya fito yana neman afuwa. Ku riƙe wannan a ranku, domin zan dawo kansa: da mutane suka yi magana da yawa, an ji su.

Mu 'yan shekara ashirin mun ga abubuwa. A Disamban 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN cikin mako biyu. Makon nan biyu bai ƙare ba sai 14 ga Satumban 2024, bayan an yi ta ɗage wa'adi, tsofaffi sun sha rana a layi, wasu sun haɗa sau uku an kuma rufe musu layin. A ƙarshen 2022 aka sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, aka ce a rage mu'amala da tsabar kuɗi a koma tiransifa. Tsabar kuɗin ta ɓace, tiransifar ta ƙi tafiya, muka wayi gari muna sayen Naira da Naira a wajen masu POS. Mai saniya a kasuwar Mai'adua ya riƙe igiya, mai saye ya riƙe waya, su biyun suna jiran alat kamar masu duban watan Sallah. A Oktoban 2024 kuma yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda babu wutar lantarki. A kwanakin nan babu mai faɗa a ji a unguwa kamar mai shagon caji. Shi ake gaisarwa da ladabi, shi ake kai wa kamun ƙafa.

Duk wannan abin dariya ne, muna kuma yin ta. To ga inda tawa dariyar ta tsaya.

Innarmu tana sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Wayarta ƙarama ce mai madannai, ba ta san Facebook ba, ba ta san TikTok ba. Masu sari take kira da ita, sai 'yan'uwa, sai ni idan ina makaranta. Da na zo hutun ƙarshen zango, wata rana bayan magariba ta miƙo mini wayar. Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana. Ta ce, "Kai ɗan boko, duba mini abin nan. Ko aljanu ne ke shan katin? In na sa na ɗari biyar, ko kira uku ban yi ba sai matar nan ta ce kuɗina bai isa ba."

Na ce, "Inna, kawo in ga aljanun."

Na shiga akwatin saƙonni, ga su nan jere da Turanci. Ashe an sa ta a wani tsari na labaran ƙwallon ƙafar Turai, ana cire Naira 20 kullum, yana kuma sabunta kansa. Inna, wadda ba ta san ko mutum nawa ke buga ƙwallo ba, ta yi wata huɗu tana biyan kuɗin sanin wanda ya ci a Ingila. Wani saƙo ne ya faɗo a allo tana tsakiyar suya, ta danna don ya kauce, shi ke nan wai ta amince. Da na fassara mata, ƙannena suka fashe da dariya, suna tambayarta wace ƙungiya take goya wa baya. Ita ma ta dara. Can sai ta yi shiru, ta ce, "Ka ce wata huɗu? Nawa ke nan?" Na ce Naira 2,400. Ta ce, "Ka san ƙuli nawa nake murzawa kafin in ga ribar wannan?" Babu wanda ya sake dariya.

Ku ɗauko biro mu yi lissafi. Naira 20 sau kwana 365 ta zama Naira 7,300. Kuɗin rajistar JAMB a 2025, ga wanda ba zai yi jarrabawar gwaji ba, Naira 7,200 ne. Ke nan kuɗin da ba ya sayen ko alawa mai kyau a yau, in an bar shi shekara guda, ya cinye fom ɗin ƙanwata. Ku ƙaddara mutum miliyan ɗaya ake yi wa irin wannan tatsa: Naira miliyan 20 ke nan kowace rana. Da gangan ake ƙanƙanta abin, domin an san babu wanda zai bar aikinsa ya bi kadin Naira 20. Za mu ce "Allah ya isa", mu yi barkwanci a kai, mu sake sa kati.

Ba ina cewa a daina barkwanci ba ne. Wanda aka daka aka hana shi kuka, a ƙalla a bar shi ya yi dariya. Barkwanci ma yana nuna mun gane wasan da ake yi da mu. Damuwata ita ce yadda muke mayar da shi wurin hutawa. Mu tsara habaici mai daɗi, mu tura a zaurukan WhatsApp, abokai su yi dariya, zuciya ta yi sanyi, magana ta mutu. Abin takaicin, da datar da muka saya a wajensu muke tura habaicin. Har zagin da muke yi musu ciniki ne a gare su.

Adalci dai a faɗi nasu uzurin. Yawancin turakun sabis da janareta suke aiki, man dizal ya yi tsada, darajar Naira ta faɗi, kayan aikin kuma daga waje ake sayo su da Dala. Farashin kira ya daɗe bai motsa ba, tun daga 2013 har zuwa 2025. Wani lokacin matsalar ma daga nesa take, kamar ranar 14 ga Maris ɗin 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi suka tsaya. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai tsadar dizal ba ita ta sa tsohuwa a tsarin labarin ƙwallo ba, kuma babu kifin da ya ciji waya a teku ya rubuta sharuɗɗa da ƙananan haruffa.

Ga abin da ya sa nake muku wannan dogon bayani, ku da ke sakandare. A gidaje da yawa na masarautar nan, daga Zango zuwa Mai'adua, ku ne masu karanta saƙon Turanci. Ku ake miƙa wa waya a ce "duba mini". Wannan muƙami ne, ko da babu naɗi babu rawani. Saboda haka ku riƙe waɗannan:

Duk saƙon da ya faɗo yana neman a danna, ku karanta shi har ƙarshe, ku kuma koya wa iyaye su danna madannin fita, ba na amincewa ba. Ku aika kalmar STOP zuwa 2442 don toshe saƙonnin talla, kyauta ne a kowane layi. Ku duba kuɗin kira da *310#, ragowar data da *323#, kafin amfani da bayansa, ku rubuta a bayan littafi na tsawon mako guda. In lissafi bai fita ba, ku kira 300, lambar sashen kula da abokan ciniki ce a duk kamfanonin. Ku faɗi rana da adadin da aka cire, ku nemi a soke tsarin, ku kuma karɓi lambar ƙorafi ku adana. In an yi biris da ku, ku kira NCC a 622, shi ma kyauta ne, ku ba su lambar nan.

'Yan ajin ƙarshe kuma, ku lura da layin da za ku yi rajistar JAMB da shi. Ta kansa ake aika NIN zuwa 55019 ko 66019 a karɓi lambar rajista, kuma za ku ci gaba da buƙatarsa har ku samu gurbin karatu. Kada ku ari na aboki ko na mai shagon intanet, kada kuma ku jefar da shi a aljihun tebur har kamfani ya rufe shi.

Na Inna, na kira 300. Na sha kiɗa na kusan minti 20, wata baiwar Allah ta ɗauka, ta ba ni haƙuri sau huɗu, na ƙirga. Na ce na karɓi haƙurin, saura kuɗin. An soke tsarin a ranar. Bayan kwanaki, da na sake kira da lambar ƙorafin a hannuna, aka dawo da wani ɓangare na kuɗin a matsayin katin kira. Ba duka ba ne, amma ya fi "Allah ya isa" auki.

Aikin gida na wannan mako ba na makaranta ba ne. Yau da daddare, ka karɓi wayar mahaifiyarka ko ta kakarka, ki karɓi ta babanki, ku buɗe akwatin saƙonni ku karanta musu da Hausa ɗaya bayan ɗaya. In kun tarar Kaka ma tana bibiyar gasar ƙwallon Sifaniya, ku yi dariyarku ku more, sannan ku ɗauko biro da takarda. Ku rubuto mana abin da kuka gano. In sabis ya ce "E", sai ku ba direban motar Katsina ya kawo da hannu.