Panteka Ta Kaduna: Inda Mai Sha'awar Walda Kan Fara

Duk baƙon da ya sauka Kaduna ya nufi Tudun Wada, wajen Kwalejin Kimiyya da Fasaha, watau Foliteknik, kunnensa ne zai riga idonsa isa Panteka. Tun daga nesa ake jin ƙarar guduma a kan farantin ƙarfe, da kukan injin gurza, da rurin janareto. In an matso kuma sai a ga wani haske shuɗi-shuɗi yana wulgawa cikin rumfuna kamar walƙiyar farkon damina, alhali kuwa rana tsaka ce. Wannan ita ce tsohuwar Panteka.

Ba abin mamaki ba ne a sami irin wannan kasuwa a Kaduna, domin garin ya daɗe da sabawa da ƙarfe. Tun da Turawa suka maido hedkwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917 jirgin ƙasa yake tare da shi, sa'an nan masaƙar farko ta buɗe a Kakuri a 1957, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya biyo baya a 1975. Yawancin masaƙun sun rufe, amma Panteka tana nan tana ƙera ƙofofi da tagogi, gadaje da tankunan ruwa, baro da injin markaɗe, mafi yawa daga ƙarfen da wani ya yar.

Cikin masu shigowa kuwa har da wani irin baƙo wanda ba aiki ya kawo a yi masa ba, ba kuma ɗa ya kawo koyon sana'a ba. Malamin makaranta ne, ko ma'aikacin ofis da ritaya ta gabato, wanda yake so ya riƙa gyara ƙofar gidansa da kansa ran Asabar, ko ya haɗa kejin kaji don jin daɗin ransa. Yakan zo da kuɗi a aljihu da tambaya guda a baki, watau wane inji ne ya fi kyau. To, a nan ne yake fara kuskure, domin inji shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ya saya.

Na farko ido ne. Hasken walda yana ɗauke da wani haske da ba a gani, mai ƙona fatar ƙwayar ido, kuma mugun halinsa shi ne ba ya nuna kansa nan take. Sai dare ya yi, mutum ya farka yana jin kamar an zuba masa yashi a ido, hawaye na zuba, ba ya iya duban ko fitila. Baƙin tabarau na rana ba ya maganin wannan, ko da yake abin takaici ne yadda ake ganin yara masu koyo da yawa suna aiki da shi kaɗai. Abin da ake bukata shi ne garkuwar fuska mai gilashi lamba 10 ko 11, da safar hannu ta fata, da rigar auduga mai dogon hannu, da takalmi rufaffe. Rigar leda in tartsatsi ya faɗa mata narkewa take yi ta manne a jiki.

Sa'an nan a zo ga inji. Akwai wanda ake naɗawa a gida, taransifoma ce cikin akwatin ƙarfe, wadda sai mutum biyu sun kama kafin ta ɗagu. Tana da juriya, in ta ƙone kuma ana sake naɗa ta, amma tana da cin wuta, har ƙwan lantarkin maƙwabta yakan dushe duk lokacin da aka ɗosana sanda. Mai saye ya tambaya ko wayar cikinta jan ƙarfe ce ko alminiyam, domin ta alminiyam ta fi araha, ta kuma fi saurin ɗaukar zafi. Akwai kuma ɗan ƙaramin injin zamani da ake kira inbata, wanda ake rataya shi a kafaɗa kamar jakar makaranta. Wutarsa tana da laushi, kama ta ba wuya, saboda haka shi ya fi dacewa da mai koyo a gida. Sai dai ƙurar hunturu abokiyar gabarsa ce, gyaransa kuma sai masanin lantarki. Waldar gas da kabaid, irin ta masu gyaran jikin mota, a bar wa masu ita. Wuta takan koma baya ta cikin tiyo, tukunyar kabaid kuwa in ta fashe ba ta barin mai ba da labari.

Lambar da aka rubuta a jikin kwali, 300 ko 400, kada ta ruɗi kowa. Sandar walda geji 12, wadda kaurinta ya kai kimanin milimita 2.5, tana cin amfiya 60 zuwa 90 ne, geji 10 kuma 90 zuwa 130, waɗannan biyun kuwa sun isa kowane aikin gida. Ashe injin da yake ba da amfiya 160 na gaskiya ya wadatar. Abin dubawa shi ne minti nawa cikin goma zai iya aiki kafin ya nemi hutu, da kuma wutar da za ta ɗauke shi, domin ɗan janareton kallon talabijin ba zai iya ba, sai mai ƙarfin kilowat 5 ko fiye. Ɗabi'ar kasuwar a nan tana da kyau: ba a biya sai an gwada. Mai hankali yakan tafi da wanda ya san aikin, a jona inji, a ƙona sanda uku ko huɗu a jere a gaban mai kaya.

Abin da Panteka ta fi kanti da shi, shi ne malamai da tarkace. Da kuɗi kaɗan mutum zai auni guntayen ƙarfe a sikeli, ya nemi wani ubangida ya ba shi gefen rumfa. Ranar farko sanda mannewa za ta yi ta yi, har ya gane ana ƙyasta ta ne kamar ashana, a ɗan ɗaga. Daga nan sai jan layi a kan faranti, a ƙwanƙwashe kashin maƙeran da ya rufe ɗinkin, a duba, a sake. In ya haɗa guntu biyu, ubangidan zai sa guduma ya doka, in ɗinkin ya tsage sai a koma farko, ko da mai koyon ya girme shi da shekara ashirin. A wannan rumfa ce kuma zai ji abin da ba a rubuta a kwalin inji ba: kada a sa wuta a duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur ko da ya shekara a bushe, kada a shaƙi farin hayaƙin bututun ruwa mai rufin tutiya, kada a tsaya a jiƙaƙƙiyar ƙasa, a kuma ɓoye sanduna daga danshin damina.

Wajen la'asar sakaliya ƙarar takan fara raguwa, yara suna naɗe wayoyi suna tsince guntayen sanda. A lokacin ne akan ga irin wannan baƙo a bakin titi yana tsayar da Keke Napep, garkuwar fuska a hannu, buhun guntayen ƙarfe a ƙafa, kuɗin injin kuwa suna nan a aljihu sai wani zuwan.