Ga Mai Son Rubuta Littafin Ban Dariya

Ɗana, tunda ka ce littafin ban dariya za ka rubuta, to kunnenka zai fi alƙalaminka aiki. Ranar kasuwa nan Yekuwa, ka je ka tsaya kusa da 'yan nono. Za ka ga Babarbare ya zo ya buɗe ƙwaryar Bafillatana ba izini, ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska ya ce rijiya aka tatsa. Ita kuwa ba ta yi masa gaggawa. Sai ta gyara faifai, ta kore ƙuda, ta dube shi sama da ƙasa, sannan ta sako masa amsar da za ta sa rumfa ta kwashe da dariya, har da shi kansa. Wannan ɗan jinkirin nata shi nake so ka koya, don a takarda ma yana da wurinsa. Kuma ka lura, ba a tashi ba sai da ya sayi nonon.

Wasan taubasai ke nan, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Abin da ya hana shi zama faɗa shi ne kowa yana da bakin ramawa.

Abubakar Imam ya san haka. Yana malamin makaranta a Katsina, bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar da aka shirya daga Zariya a 1933. Tambayi duk wanda ya karanta shi me ya fi tunawa, zai ce maka Malam Zurƙe. Yau Alhaji, jarumin littafin, ya jefa Zurƙe cikin wahala, gobe Zurƙe ya rama, babu wanda ake bari a ƙasa har abada. Da Zurƙe abin tausayi ne, da littafin bai kai wa jikokinmu ba. A Magana Jari Ce kuma ya ɗebo labarai daga Larabawa da Turawa, amma ya sa musu bakin Hausa har ka rantse a garinku aka yi su. Saboda haka aro ba laifi ba ne, in dai ka iya jiƙa shi da ruwan gida.

Abin da ba na so in gani a littafinka shi ne dariyar gurgu, ko mai in'ina, ko bazawarar da ba ta da mai tsaya mata. Raina yana ɓaci in na ga yara suna kallon irin wannan a waya suna shewa. Ga mai kuɗin da ke ƙirga ƙwayar gero, ga ɗan siyasar da ke tuna hanyar ƙauye sai lokacin zaɓe, ga wanda ya yi wata uku a Kano ya dawo yana tambayar sunan kuka. Waɗannan sun ishe ka littafi uku.

In ka gama babin farko, ka kai shi fada da dare, ka ba wani ya karanta da ƙarfi, kai kuma ka zauna baya da fensir. Inda suka ci gaba da zuba shayi ba su ɗago kai ba, ka ja layi, washegari ka sake shi.