Tenhya: ƙasar da ake auna nisa da lita

Wanda ya bar Damagaram ya miƙi hanyar Agadas, wato babbar hanya mai lamba 11, tun bai yi nisa ba zai iske matatar man SORAZ a ƙasar Olelewa, cikin gundumar Tanut. An buɗe ta a watan Nuwamba na 2011, an gina ta don tace ganga 20,000 a yini, ɗanyen man kuwa daga Agadem yake zuwa ta bututu mai tsawon fiye da kilomita 460. Daga nan sai Tanut, cibiyar Damargu, wajen kilomita 150 daga Damagaram. In aka wuce ta aka yi arewa, gonakin hatsi su dinga raguwa har su ƙare, don an shiga yankin da dokar 1961 ta keɓe wa kiwo. Can Tenhya take, ƙasar rijiyoyi masu zurfi, ta raƙuma da shanu, ta Abzinawa da Fulani.

Da zarar mota ta sauka daga kwalta, lissafin tafiya ya sake. Fatake na da, masu ayari daga Abzin zuwa Kano, waɗanda ke yada zango a Damargu su sayi hatsi, da salka suke auna hanya: ruwa nawa ya saura, rijiya ta gaba kwana nawa ce. Direban yau da tanki yake aunawa. Tambaye shi nisan wani mashekari, zai ba ka amsa da lita. Gidan mai yana bakin kwalta. Cikin daji sai ɗan abin da ake sayarwa a kwalba da bido ranar kasuwa, da tsada, wani lokaci da ƙura a ciki.

Shi ya sa tsofaffin katkat da ke ɗaukar kaya da mutane zuwa kasuwannin dajin, da wuya ka ga wadda ta tsaya da tankin da aka haife ta da shi. Tsohuwar Land Rover, irin wadda aka ƙera tsakanin 1971 da 1985, ƙarama daga cikinsu tankinta yana ƙarƙashin kujerar gaba ta dama, bai wuce lita 45 ba. In mota tana shan lita 20 a kilomita 100 cikin rairayi da kaya, ko kilomita 230 ba za ta kai ba, zuwa da dawowa. Toyota Land Cruiser samfurin 70, da ta fito a 1984, ta zo da tankin lita 90, wasu ma biyu ne, 180 ke nan. Tun da aka sa mata injin gazuwal mai suna 1HZ a 1990, ta zama raƙumin zamani a duk faɗin Sahara. To, mai tsohuwar mota da ba shi da kuɗin sabuwa me zai yi? Sai ya nufi garaji, a ciro tankin wata katkat da ta mutu, a ɗaura wa tasa. Mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka.

Aikin kuwa ya fi ƙarfin ɗaure kusa huɗu. Kowane samfuri da faɗin shasinsa da wurin da bakin zuba mai yake, don haka sai an ƙera sababbin madauri, an kuma nisanta tankin daga bututun hayaƙi. Injin gazuwal yana maido da rarar mai cikin tanki ta wani bututu na biyu. Tankin tsohuwar motar esansi sau da yawa ba shi da wannan ƙofa, dole a huda masa. Akwai hudar numfashi, wadda in ta toshe da ƙura mai ya daina sauka, injin ya mutu tsakar daji. Akwai shingayen ƙarfe na ciki, masu hana mai tambal-tambal a kan tudun rairayi. Tankin da aka shafe cikinsa da tutiya bai dace da gazuwal ba, don yana cin shafen, ya toshe matata. Ga nauyi: lita 90 na gazuwal sun kai kilo 75, wato an ƙara wa sifirin fasinja guda wanda ba ya sauka.

Abin da ya fi yaudara shi ne allurar mai. Cikin kowane tanki akwai ɗan abin da ke iyo a kan man, shi ke gaya wa allura inda aka kwana. Na Land Rover da na Toyota ba harshe ɗaya suke yi ba. In aka haɗa tankin wannan da allurar waccan, sai ta nuna rabi alhali saura ɗigo. Direbobin da suka san hanya sukan yanki sanda, su yi mata zane-zane, su tsoma su duba da idonsu.

Sai maganar wuta. Tankin esansi da aka juye ya fi cikakke haɗari wajen mai walda, don tururin da ya saura ciki shi ke fashewa. Ƙwararru sukan wanke shi, su cika shi da ruwa kafin su kusanto da wuta. Haka tankin da aka ɗaura a bayan mota, inda mata da yara ke zaune kan buhuna, da robar da aka ɗaure da igiyar taya: tartsatsi ɗaya ya isa. Araha ba ta ado.

Ya kai mai karatu, ko kai ɗan kasuwa ne ko ma'aikaci, wannan zance ya shafe ka. Motar da ke kai sukari da shayi da hatsi Tenhya, ita ce ke ɗauko mace mai naƙuda zuwa asibitin Tanut, ita ce ke kai malamin makaranta wurin aikinsa, da masu rigakafin dabbobi bakin rijiya. Haka abin yake a yamma, wajen Belbeji, da ta zama gunduma a 2011. In mai ya ƙare tsakanin rijiya da rijiya a watan Afrilu, abin da ke cikin salka shi ne sauran kwanan matafiya.

Shekaru da dama man sumoga daga Nijeriya, wanda ake kira ruwa-ruwa, shi ya rufa asirin ƙauyuka. Da Nijeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, ya yi tsada, jama'a suka koma gidajen mai, buƙata ta fi ƙarfin abin da matata ke fitarwa, har aka yi ƙarancin esansi a watan Maris na 2025. Mutanen Damargu suna kallon hayaƙin matata, suna neman lita guda. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Makanikan Tanut da Damagaram sun yi nasu, da hikimar hannu suka tsawaita ran motocin da masu ƙera su suka manta. Saura hukumomi da SONIDEP su kusanto da mai ga kasuwannin makiyaya, masu duba lafiyar motoci su riƙa leƙa tanki kamar yadda suke leƙa birki, cibiyoyin koyon sana'a su koya wa matasa wannan aiki bisa ƙa'ida. Kafin wannan rana, matafiyi zuwa Tenhya ya tambayi direba lita nawa ke ciki tun bai tambayi kuɗin mota ba. Allah ya kai kowa gida lafiya.